Yadda Ake Tuƙa Layin I2C Ta Rajistocin Umarni Da Rahoto A ATmega328P

Duk wanda ya taɓa haɗa agogon lantarki ko na'urar auna zafi da allon Arduino Uno, sannan ya ga shirinsa ya tsaya cak ba ko tari, ya san takaicin da nake nufi. Waya biyu ce kacal, amma sai mutum ya rasa ta inda zai kamo bakin zaren. Alhali kuwa cip ɗin ATmega328P da ke kan allon bai yi shiru ba. Bayan kowane mataki yana rubuta abin da ya same shi a cikin wata 'yar rajista mai bit takwas (wato ƙaramin gurbin ajiya a cikin cip ɗin), laburaren da muke dogara da shi ne yake taƙaita mana labarin, wani lokaci ma ya haɗiye shi. A nan za mu ajiye laburare gefe, mu yi magana da na'urar baki da baki, mu karanto sakan da minti daga cip ɗin agogo mai suna DS1307.

Layin da muke magana a kansa, wato I2C, kamfanin Philips ne ya ƙirƙiro shi a shekarar 1982, yanzu kuma NXP ke kula da ƙa'idarsa. Wayoyinsa biyu ne: SDA mai ɗaukar bayanai, da SCL mai ɗaukar bugun agogo. Kamfanin Atmel da ya ƙera ATmega328P, wanda Microchip ya saye a 2016, ya kira nasa sashen TWI, shi ya sa duk sunayen rajistocin suka fara da TW. Na'urar da ke fara magana kuma take ba da bugun agogo zan kira ta jagora, wadda ake kira ta amsa kuma mabiyi.

Mataki na farko: ka san rajistocin kafin ka taɓa su

Rajistoci huɗu ne za su yi mana aiki. TWBR, a adireshin 0xB8, ita ke tsayar da gudun layi. TWDR, a 0xBB, ita ce ma'ajiyar bayit ɗin da zai fita ko wanda ya shigo. TWCR, a 0xBC, ita ce rajistar umarni. TWSR, a 0xB9, ita ce rajistar rahoto. Akwai TWAR da TWAMR, amma amfaninsu sai cip ɗin zai zama mabiyi, don haka mu bar su.

Bari mu zauna a kan TWCR, domin a nan aikin yake. Bit na 7 shi ne TWINT, tutar da na'ura ke ɗagawa idan ta gama abin da aka sa ta. Na 6 TWEA ne, shi ke cewa a amsa wa mabiyi bayan an karɓi bayit. Na 5, TWSTA, yana neman a aika alamar farawa, na 4 kuma, TWSTO, alamar tsayawa. Na 3, TWWC, tuta ce ta karo a wajen rubutu. Na 2, TWEN, shi ke kunna sashen gaba ɗaya. Na 1 an keɓe shi ba a amfani da shi. Na 0, TWIE, shi ke ba da izinin katsewa, wato sashen ya dakatar da babban shiri na ɗan lokaci don a saurare shi.

Ka lura da wani abu: sunanta rajistar umarni, amma bit biyu a cikinta rahoto ne. Haka nan TWSR, sunanta rajistar rahoto, amma bit biyu na ƙasanta umarni ne, su ke zaɓar abin da za a raba agogo da shi, bit biyar na sama ne kawai rahoto. Masu ƙera cip suna yawan yin wannan cakuɗa don tsimin adireshi, kuma daga nan yawancin kurakurai ke tasowa.

Babban abin da nake son ya zauna maka tun yanzu shi ne, rajista ba ma'ajiyar lamba ba ce irin wadda ka saba da ita a cikin shiri. Abin da ka rubuta ba lalle ne shi za ka karanto ba, kuma rubutun kansa yana tayar da aiki. Tutar TWINT ba a sauke ta da rubuta sifiri. Ɗaya ake rubuta mata, sai ta sauka, kuma saukarta ita ce umarnin da ke cewa na'ura ta ci gaba. Muddin tutar tana sama, cip ɗin yana danne wayar SCL a ƙasa, kowa a layin yana jiranka.

Daga wannan ne wani tarko ke fitowa wanda ya kama mutane da dama. Mun saba idan muna son kunna bit guda mu rubuta:

```c
TWCR |= (1 << TWEA);
```

Wannan layin yana karanto TWCR, ya ƙara bit ɗin, ya mayar. To idan a lokacin TWINT na sama, ɗaya aka karanto, ɗaya aka mayar, ke nan ka sauke tutar ba da niyya ba, na'ura ta wuce mataki na gaba kafin ka zuba mata abin da za ta aika. Saboda haka a wannan rajista kullum ka rubuta cikakkiyar ƙima da alamar daidai, ka faɗi duk abin da kake so a lokaci guda.

Wannan hali ba na ATmega kaɗai ba ne, sai dai kowane cip da tasa al'adar. A sashen SPI na wannan cip ɗin dai, wanda wani layin sadarwa ne na daban, tutar SPIF tana sauka ne idan ka karanta SPSR sannan ka taɓa SPDR. A I2C na dangin STM32F1, tutar ADDR tana sauka idan ka karanta SR1 sannan SR2. A tsohon cip ɗin 16550, karanta rajistar LSR kaɗai yana share tutocin kuskure. A irin waɗannan, ko manhajar bin diddigin kuskure da ka buɗe don ta nuna maka rajistoci tana iya share tutar da shirinka ke jira. Don haka duk cip ɗin da ka ɗauka, kafin ka rubuta layi ɗaya, ka bi takardar bayanansa bit bayan bit kana tambayar abu uku: wa ke ɗaga wannan, wa ke sauke shi, kuma ta yaya.

Mataki na biyu: wayoyi

A ATmega328P, SDA tana kan ƙafar PC4, SCL kuma PC5, wato A4 da A5 a allon Uno. Babu na'urar da ke tura waɗannan wayoyi sama. Kowace na'ura ja ƙasa kawai take yi ko ta saki, rezisto ne ke mayar da wayar sama. Idan babu shi, layin ba zai taɓa aiki ba komai kyan shirinka.

Rezisto mai kilo-om 4.7 daga kowace waya zuwa bolt 5 ya wadatar ga gajeren layi. Ga dalili: ƙa'ida ta ce a gudun kilohaz 100 hawan sigina kada ya wuce nanosakan 1000, a kilohaz 400 kuma kada ya wuce 300. Lokacin hawan kusan 0.85 ne sau rezisto sau nauyin cajin layin. Da kilo-om 4.7 da fikofarad 100 za ka samu kusan nanosakan 400, wanda ya yi daidai ga kilohaz 100 amma ya yi wa 400 nauyi. Ta ɓangaren ƙasa kuma, na'ura ba a tilasta mata ta ja fiye da mili-amfa 3 ba, don haka a bolt 5 kada ka sauka ƙasa da kusan kilo-om 1.5. Rezistocin da ke cikin cip ɗin, masu kilo-om 20 zuwa 50, sun yi rauni, ban ba ka shawarar dogara da su ba. Kuma ka duba ƙananan allunan da ka haɗa, da yawansu suna zuwa da nasu rezisto, idan suka taru sai jimillar ta yi ƙasa da yawa. Kada ka manta da haɗa wayar ƙasa ta dukkan na'urorin wuri guda.

Mataki na uku: tsayar da gudu da kunna sashen

Lissafin gudun SCL shi ne: agogon cip a raba da jimillar 16 da 2 sau TWBR sau marabi. Marabin yana iya zama 1, 4, 16 ko 64, gwargwadon bit biyun nan na ƙasan TWSR. Uno yana gudu a megahaz 16. Idan marabi 1 ne kuma TWBR 72, to 16 da 144 sun zama 160, miliyan 16 a raba da 160 ya ba da 100,000. Idan kana son kilohaz 400, TWBR ta zama 12. DS1307 bai wuce kilohaz 100 ba, don haka 72 za mu sa.

```c
#include <avr/io.h>

void shirya_layi(void) {
    PRR &= ~(1 << PRTWI);
    TWSR = 0;
    TWBR = 72;
    TWCR = (1 << TWEN);
}
```

Layin farko yana tabbatar da cewa ba a kashe wa sashen agogo don tsimin wuta ba. Idan bit ɗin PRTWI yana ɗaya, sashen a kwance yake, ba zai motsa ba. Fayil ɗin avr/io.h ya riga ya ayyana rajistocin da kalmar volatile, wadda ke hana kompaila ya ɗauka ƙimar ba ta canzawa ya karanta sau ɗaya ya huta. Idan wata rana kai ne ka ayyana adireshin rajista da hannunka, wannan kalma wajibi ce.

Mataki na huɗu: rubuta mai jira, kuma ka sa masa iyaka

Kowane mataki a wannan sashe siffa ɗaya gare shi: ka ba da umarni, ka jira TWINT ta tashi, ka karanta TWSR. Misalan da suka fi yawo suna jira ne ba iyaka, kuma wannan shi ne asalin tsayawa cak ɗin da na fara da shi. Waya ta tsinke, tuta ba ta tashi ba, shiri ya zauna har abada.

```c
uint8_t jira(void) {
    uint16_t saura = 20000;
    while (!(TWCR & (1 << TWINT))) {
        if (--saura == 0) return 0xFF;
    }
    return TWSR & 0xF8;
}
```

Rufewa da 0xF8 tana cire bit uku na ƙasa, a bar rahoto zalla. Wanda ya manta da ita shirinsa zai yi aiki lafiya muddin marabi 1 ne, ranar da ya canza marabin kuwa duk kwatancensa su rushe. Na zaɓi 0xFF a matsayin alamar ƙarewar lokaci ne saboda rahoton gaskiya ba zai taɓa zama haka ba, tunda ƙasansa kullum sifiri uku ne. Bayit guda da amsarsa bugu tara ne, wato maikurosakan 90 a kilohaz 100. Zagaye 20,000 'yan milisakan ne, ya isa har ga mabiyin da ke riƙe SCL don ya samu sararin shiryawa.

Mataki na biyar: fara magana da kiran adireshi

```c
TWCR = (1 << TWINT) | (1 << TWSTA) | (1 << TWEN);
```

Bayan jira, rahoton da kake tsammani shi ne 0x08, ma'ana alamar farawa ta fita. Idan lokaci ya ƙare tun a nan, matsalar ba ta adireshi ba ce, domin ba ka ma kira kowa ba. Na'urar tana duba ko layin a sake yake, idan ta ga kamar wani na riƙe da shi sai ta jira alamar tsayawa. Ka ɗauko mita ka auna SDA da SCL, dukkansu ya kamata su kasance sama.

Yanzu adireshi. Na DS1307 shi ne 0x68, bit bakwai. A kan waya ana tura shi hagu da gurbi ɗaya, sai bit na ƙarshe ya nuna manufa: sifiri rubutu, ɗaya karatu. Ke nan 0xD0 don rubutu, 0xD1 don karatu. Wasu takardun bayanai suna ba da adireshin bit bakwai, wasu suna ba da wanda aka riga aka tura. Idan ka ga adireshi ya haura 0x7F, ka san an riga an tura shi, kada ka sake.

```c
TWDR = 0xD0;
TWCR = (1 << TWINT) | (1 << TWEN);
```

Jerin layukan nan biyu yana da muhimmanci. Sai TWINT tana sama ake rubuta TWDR. Idan ka juya su, na'ura ta riga ta fara aiki, za ta ƙi rubutun ta ɗaga TWWC. Sannan ka ga a layi na biyu babu TWSTA. Na'ura ba ta sauke wannan bit da kanta, aikinka ne, kuma rubuta cikakkiyar ƙima ya gama maka shi. Da ka bar shi, da wata alamar farawa za ta sake fita maimakon adireshi.

A nan rajistar rahoto ke nuna darajarta. Idan ta ce 0x18, an kira kuma an amsa, wato mabiyi ya ja SDA ƙasa a bugu na tara. Idan ta ce 0x20, an kira babu wanda ya amsa. Wannan lamba ta 0x20 albishir ce ta wani ɓangare, domin ta nuna agogo yana bugawa, wayoyi suna hawa da sauka, sashen yana da rai. Abin da ya rage shi ne adireshi ba daidai ba, ko an musanya SDA da SCL, ko mabiyin ba shi da wuta. DS1307 yana da wani hali nasa: idan wutarsa ta sauka ƙasa da 1.25 sau ƙarfin batirinsa, yana daina sauraron layi. Da batiri mai bolt 3, iyakar ta kama bolt 3.75, don haka wanda ya ba shi bolt 3.3 zai yi ta ganin 0x20 alhali komai a haɗe yake daidai.

Rashin amsa ma ba kullum ne laifi ba. Cip ɗin ajiya irin 24LC256, da ke zaune a 0x50, idan ka rubuta masa bayanai yakan rufe kunne har zuwa milisakan 5 yana adanawa. Hanyar sanin ya gama ita ce ka yi ta kiran adireshinsa har 0x20 ta koma 0x18. Da wannan dabarar ce kuma ake binciken layi: ka kira kowane adireshi daga 0x08 zuwa 0x77, ka rubuta waɗanda suka amsa. Na ƙasa da na sama da wannan an keɓe su.

Akwai kuma 0x38, ma'ana wani jagora ya ƙwace layin. Na'urar ta saki SDA don ta aika ɗaya, sai ta ga wayar a ƙasa, ta ɗauka wani ne ke magana, ta janye. Idan ka tabbata kai kaɗai ne jagora kuma ka ga wannan lamba, to wani abu ne ke jan wayar: mabiyi da ya rikice, ko hayaniyar lantarki, ko rezisto mai rauni da bai bar siginar ta hau a kan lokaci ba.

Mataki na shida: nuna wurin da za a karanta

A cikin DS1307, sakan yana rajista 0x00, minti 0x01, awa 0x02, har zuwa shekara a 0x06. Sai ka faɗa masa daga inda zai fara. Ka sa 0x00 a TWDR, ka rubuta TWINT da TWEN, ka jira 0x28, wato bayit ya fita an amsa. Idan 0x30 ka gani, mabiyin ya ƙi bayit ɗin.

Daga nan ba za ka aika alamar tsayawa ba. Ka sake aika alamar farawa da umarnin nan na farko. Rahoton wannan karon 0x10 ne ba 0x08 ba, domin na'ura ta san layin yana hannunta tun ɗazu. Amfanin wannan shi ne babu wani jagora da zai shiga tsakani, kuma akwai na'urorin da ba sa ba da amsa daidai sai da haka. Sai ka aika 0xD1, ka jira 0x40. Takwarar rashin amsa a nan 0x48 ce.

Mataki na bakwai: karɓa, da sanin lokacin da za ka yi shiru

Yanzu matsayi ya juya, mabiyi ke magana kai kake amsawa. Don karɓar bayit ɗin da akwai wani bayansa:

```c
TWCR = (1 << TWINT) | (1 << TWEA) | (1 << TWEN);
```

Ka jira 0x50, sannan ka kwashe abin da ke TWDR kafin ka sake taɓa TWCR. Wannan shi ne sakan. Ga bayit na ƙarshe, minti a misalinmu, ka cire TWEA, ka jira 0x58.

Abin lura shi ne, shawarar amsawa ko ƙin amsawa ana yanke ta ne kafin bayit ɗin ya iso, ba bayan ya iso ba, domin umarni guda ne ke ɗauke da karɓar da amsar. Saboda haka dole shirinka ya san tun farko wane ne na ƙarshe. Me ya sa ake ƙin amsa na ƙarshen? Saboda amsa a wurin mabiyi tana nufin ƙaro wani. Nan take zai ɗora bit na farko na bayit mai zuwa a kan SDA. Idan wannan bit sifiri ne, ya danne wayar ke nan, kai kuma alamar tsayawa tana buƙatar SDA ta hau alhali SCL na sama, ba za ta yiwu ba. Muguntar wannan kuskure ita ce ba kullum yake bayyana ba, ya danganta da abin da ke cikin bayit ɗin da ba ka ma nema ba. Na taɓa shafe yini ina zargin walda da wayoyi a kan irin wannan, sai da na fara fitar da lambar TWSR ta kowane mataki a kan allo na ga 0x50 a inda ya kamata in ga 0x58.

Abin da ka karanto ba lamba ce kai tsaye ba. Kowane bit huɗu yana ɗauke da lamba guda ta goma-goma, don haka 0x37 na nufin sakan 37, ba 55 ba. Bit na 7 na rajistar sakan kuma ba lokaci ba ne, shi ne CH, mai tsayar da agogon. Idan ka karanto 0x80 kuma ba ya motsi, layinka lafiya lau yake, agogon ne ba a tayar ba, sai ka rubuta masa sifiri a wannan bit. Kuma ka riƙa kwashe sakan da minti da awa a zama ɗaya, domin cip ɗin yana kwafe lokacin zuwa ma'ajiya ta biyu a kan alamar farawa. Idan ka raba karatun, minti na iya juyawa a tsakani ka haɗa lokacin da bai taɓa faruwa ba.

Mataki na takwas: rufewa

```c
TWCR = (1 << TWINT) | (1 << TWSTO) | (1 << TWEN);
```

Kada ka kira jira a nan. Bayan alamar tsayawa TWINT ba ta tashi, za ka ɓata lokacinka ne har iyaka ta ƙare. Abin dubawa shi ne TWSTO, wanda na'ura ke saukewa da kanta idan alamar ta fita, saɓanin TWSTA. Ka jira saukarsa, shi ma da iyaka, kafin ka fara wata magana. Idan ka leƙa TWSR a wannan lokaci 0xF8 za ka gani, wadda ke nufin babu wani rahoto.

Kuma kowace hanya ta kuskure ta bi ta nan. Idan ka ga 0x20 ka fice daga aikin ba tare da tsayawa ba, ka bar TWINT a sama, SCL a danne, layin duka a kulle. Banda 0x38: a can layin ba naka ba ne, ka rubuta TWINT da TWEN kawai ka saki. Sai kuma 0x00, wadda ke nufin an ga alamar farawa ko tsayawa a inda bai halatta ba. Maganinta shi ne wannan umarnin na TWSTO da TWINT, sai dai a wannan yanayi babu alamar da ke fita a waya, sashen ne kawai ke sakin wayoyin ya koma daidai.

Ina ba ka shawara aikinka ya riƙa dawo da abu biyu idan ya gaza: lambar matakin da ya tsaya, da rahoton da ya gani. "An gaza" ba ta gaya maka komai. "Mataki na biyar, 0x20" kuwa ta kai ka bakin ƙofar matsalar.

Idan SDA ta maƙale a ƙasa

Wannan yana faruwa idan aka sake kunna jagora a tsakiyar karatu, misali lokacin da kake ɗora sabon shiri. Jagora ya manta komai, mabiyi kuwa bai san an yi ba, yana nan riƙe da sifiri yana jiran bugun agogon da ba zai zo ba. Babu wani bit a TWCR da zai warware wannan, domin sashen ba zai iya aika alamar farawa ba. Ƙa'idar NXP ta ba da mafita: a ba shi bugun agogo har tara, a cikinsu zai saki wayar.

Ka rubuta sifiri a TWCR don ƙafafun su dawo hannunka. Rajistocin PORTC, DDRC da PINC su ke kula da ƙafafun PC kai tsaye. Ka sa bit na 4 da na 5 na PORTC sifiri. Don jan SCL ƙasa, ka mayar da PC5 mafita ta rajistar DDRC, don sakinta kuma ka mayar da ita mashiga, rezisto ya ɗaga ta. Kada ka tura ta sama da ƙarfi, domin idan mabiyi na ja ƙasa a lokacin za ku yi karo. Ka tsaya kamar maikurosakan 5 a kowane hali, kana duba bit na 4 na PINC bayan kowane bugu. Da zarar SDA ta hau, ka ƙera alamar tsayawa da hannu: SCL ƙasa, ka ja SDA ƙasa, ka saki SCL, sannan ka saki SDA. Sai ka sake kiran shirya_layi. Ni a farkon kowane shiri nake sa wannan, kafin in kunna TWEN, ba na jira sai matsala ta auku. Idan bayan bugu tara wayar ba ta hau ba, ko kuma SCL ce a danne, sai dai a yanke wa mabiyin wuta a mayar.

Komawa ga katsewa

Idan duk wannan ya zauna da hanyar jira, mayar da shi kan katsewa ba wuya. Ka ƙara TWIE a kowane rubutu na TWCR, ka buɗe katsewa da sei, ka rubuta ISR (aikin da cip ke shiga idan katsewa ta auku) na TWI_vect wanda ke karanta TWSR ya zaɓi abin yi gwargwadon lambar. Fayil ɗin util/twi.h yana da sunayen lambobin a shirye, irin su TW_START da TW_MT_SLA_ACK. Da yake lambobin duk ninkin takwas ne, tura su dama da gurbi uku yana ba ka 0 zuwa 31, wanda ya dace da tebur.

A nan ma TWINT tana da nata hali. Tutoci da yawa a wannan cip suna sauka da kansu da zarar an shiga ISR, ita kuwa ba ta sauka. Idan ka fita ba ka rubuta mata ɗaya ba, kuma TWIE na kunne, katsewar za ta sake faɗowa nan take, babban shirinka ya koma tafiyar hawainiya. Don haka kowane reshe a cikin ISR, har da na lambar da ba ka zata ba, ya ƙare da rubutu guda a TWCR. Iyakar lokaci kuma ta koma babban shiri: ka ajiye lokacin da aka fara magana, idan ya wuce kima ba a gama ba, ka kashe TWEN ka bi matakan warware layi na sama.